Ranar da dokin surukina ya ci sabon gero

Surukina yana zaune a wani ƙauye can bayan Kebbe, kuma tun da gwiwoyinsa suka yi masa tawaye, dokinsa ne ƙafafunsa. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa Juma'a da gaisuwar rasuwa. In babu dokin nan, tsohon ya zama ɗan tabarma ke nan har iyakar rai.

Wata kaka na je gaishe shi da hantsi, na sha babbar riga, sai na tarar da gida a hargitse. Dokin ya tsinke igiya ya afka wa sabon geron da aka sussuka, ya ci abin da zai ƙosar da Tambuwal da Dogon Daji har a bar wa kaji. Ciki ya yi tam kamar ganga. Gumi na zuba, yana kartar ƙasa, yana waiwayen cikinsa.

Na buga wa likitan dabbobi na Tambuwal, abokina ne tun firamare.

Ya ce, "Kada a ɗura mai komi. Kada ku bari shi kwanta shi yi birgima, hanji na iya murɗewa. Ku yi ta zagayawa da shi, ga ni nan bisa mashin. Tambayi mai shi, ya yi tusa?"

Jama'a, wannan kalma, a gaban suruki! Ni da ko tari ban taɓa yi a gabansa ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, likita na tambaya ko... ko an ji wani labari daga baya."

"Wane baya?"

"Bayan dokin, Baba."

"Kai, faɗi magana! Dabba na mutuwa kana yi min karin magana." Ya fizge wayar ya ce, "Bai yi ba, likita. Tun safe shiru."

Na tuɓe rigar na kama ragama. Muka yi ta kewaya fili, rana na dukanmu. Wani maƙwabci ya zo da ƙwarya cike da ruwan kanwa, da ƙyar na kore shi. Can ƙafafun dokin suka lanƙwashe, ya nufi ƙasa. Na sa kafaɗa, maƙwabta suka tallafo, muna ihu. Surukina ya yunƙura daga tabarma, gwiwa ta mayar da shi. Sai ya riƙa kiran dokin da wata murya da ban san yana da ita ba. Dokin ya miƙe yana rawar jiki.

Bayan azahar likita ya iso. Ya yi masa allura a jijiyar wuya, ya zura masa doguwar roba ta hanci har ciki, wani ruwa mai tsami ya yi ta kwarara. Ya rataya ledojin ƙarin ruwa a reshen darbejiya. Sannan ya kara abin saurarensa a cikin dokin, ya daɗe, fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba.

"Baba, shiru nika ji. In hanji ya murɗe sai tiyata, kuma nan babu inda za a yi ta. In iska ta fita, mun tsira."

Muka tsaya, dattawa da furfurarsu, kowa ya kasa kunne ga gindin doki. Ledar ruwa ta ƙare aka sa wata. Aka kira la'asar, muka yi ta nan gefen turke, ni dai Allah Ya karɓa, don rabin hankalina na bayan dabbar. Surukina na jan carbi.

Ina komawa na kama ragama, sai ƙara ta tashi, doguwa, wadda na tabbata an ji ta har kasuwar Fakku.

Babu wanda ya yi motsi. Surukina ya ɗago ido jajur ya dube ni.

"Shi na, ko kai na?"

"Wallahi shi ne, Baba."

Likita ya sake kara kunne, ya ce ciki ya fara kuka. Tsohon ya ce a ɗauke shi a kai shi kusa. Muka ɗaga shi, ya ɗora goshinsa a wuyan dokin, ya daɗe bai ɗago ba.