Katangar da Ta Kauce wa Kabarin Nomau

A yau cocin Katolika na ƙauyenmu, kudu da Tudun Wada, ginin bulo ne da rufin kwano, kuma Fadan da ke riƙe da shi Bahaushe ne, na ma san mahaifiyarsa. A shekarun hamsin kuwa ɗakin jar ƙasa ne da jinka, Fadojin duk Turawa. Na shiga coci a Kumasi, na shiga a Yawunde, amma ban ga mai katanga lanƙwasasshiya irin tamu ta yamma ba. Kakata Kande ce sanadi.

Mu Maguzawa ne a lokacin. Ƙanen babana, Baba Tanko, shi ya fara bin Fada. Kaka kuwa ko ƙofar cocin ba ta taɓa leƙawa ba. In an ci tuwo, mu jikoki sai mu zagaye murhunta tana ɓarar gyaɗa. Wasu kakanni labarin dabbobi suke bayarwa, ita kuwa nata ɗaya ne.

"Ku matso. Wannan ba ta kura ba ce, ta Fadoji ce."

Na farko, in ji ta, Mai Gemu ne, a keke ya zo neman fili. Dattawa suka ba shi gefen gonarmu, dab da inda aka binne mijinta, kakanmu Nomau, da fasassun tukwane a kan kabarin kamar yadda muke yi. Ya cire hula, ya ce ba mai taɓa wurin.

"Na ce masa, in ka tafi fa? Ya ce ba inda za shi. Damina biyu ya yi. Mutum ba mata, ba gona, ba rumbu, me zai riƙe shi?"

Na biyu Mai Babur, sarkin tsafta. Ya ga fasassun tukwane, ya zaci shara ce, ya sa aka kwashe zuwa juji. Kaka ta tsinto su a bakin zanenta, ta mayar ɗaya bayan ɗaya, shi yana tsaye yana ta "Sannu, Mama."

"Sannun kaɗai ya iya," in ji ta, sai mu fashe da dariya. Ita ba ta dariya. "Alkawarinsu a bakin mutum ɗaya yake, kuma ɗauke mutumin ake yi kamar yadda gwamnati ke sauya Di'o. Ina kakanku yake?"

Mu amsa tare: "Taku bakwai daga tsamiya!"

Na uku, Fada Dogo, da idona na gan shi. Masu ibada sun yi yawa, ya ce a faɗaɗa ginin. Wata safiya muka ga turaku da igiya sun ratsa ta kan kabarin. Da yamma Baba Tanko ya zo ya durƙusa.

"Iya, Fada ya ce a ƙasarsu manyan mutane ake binnewa cikin coci. Girma ne."

"A ƙasarsu. Kai ka yarda a riƙa taka ubanka kowace Lahadi?"

"Iya, ba haka..."

"Je ka ce ya zo ya faɗa mini da bakinsa."

Washegari ya zo, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a tabarma. Ba ta tambaye shi komai ba. Labarinta ta ɗauko tun daga Mai Gemu, ta kawo kan Mai Babur, sannan ta dube shi ta ce, "Na uku kuma ya zo da igiya. Ƙarshen ban san shi ba tukuna." Fada ya tashi ya tafi. Da gari ya waye shi da kansa ya tumɓuke turakun, ya ja igiyar ta zagaye kabarin.

Kaka ba ta yi godiya ba. "Sai na ga na huɗu," ta ce. Ba ta kai ba, ta rasu kafin ya zo.

Bayan shekaru na shiga wani tsohon coci a Italiya, na ga ina tafiya a kan duwatsu masu sunayen matattu. Nan na gane Fada Dogo bai yi ƙarya ba, girma yake nufi. Amma Kaka ma ba ta yi kuskure ba. Ba mutanen take zargi ba, tafiyarsu take tsoro, shi ya sa ta zuba alkawarin a kunnuwanmu.

Da aka zo ginin bulo, tsohon tushe aka bi. Yanzu duk sabon Fada da ya iso yakan tambayi abin da ya karkatar da katangar, sai a ba shi labari. Alkawarin ya bar bakin mutum ya shiga gini, kuma ba a ƙara taɓa kabarin Nomau ba.