Tatsuniyar Rana Tsaka a Safana

Ranar Asabar na tashi daga Karare da ƙullin daddawa da kwanon man shanu, na hau mota zuwa Batsari, daga nan na sake wata zuwa Safana. Lokacin hanya na da lafiya. Na je ne in ɗauko takwarata, ɗiyar ɗana malamin makaranta. Sunana aka sa mata, ni na yaye ta, a bayana ta yi wayo, kuma duk damina in an rufe makaranta wurina take hutu. Ba a taɓa shawartar kowa a kan haka ba.

Wannan karon na tarar kakarta ta wajen uwa ta bar aikin koyarwa, ta tare a gidan da ke jikin nasu. Malama ake ce mata. Muka gaisa gaisuwar surukai, aka tambayi gida da gona da dabbobi. Gaisuwa ba ta gama sanyi ba ta ce tana so a bar mata yarinya wannan hutun su yi karatu. Ɗana ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, a bar ta ta zaɓa. Alhamis ake rufe makaranta, Juma'a sai ta faɗa."

Ta zaɓa! Yarinyar da na tauna wa abinci na sa mata a baki.

Lahadi wani direba ya kawo wa Malama jarida daga Katsina. A bayanta akwai 'yan gidaje farare da baƙaƙe kamar gurbin dara. Malama ta gyara tabarau ta karanta tambaya, Takwara ta ƙirga a yatsu ta ce, "Haruffa biyar ne, Malama!" sai su cike da fensir. Kansu a haɗe ƙarƙashin darbejiya, ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa. Na lura kacici-kacici ne, abin da na ƙoshi da shi tun ina da haƙoran nono, amma an kulle shi a takarda inda hannuna ba ya kaiwa.

Litinin aka buɗe akwatin ƙarfe mai warin kafur. Littattafan zane ne Malama ke tarawa tun tana budurwa, an jera su bisa lamba, mutanen ciki magana na fita daga bakinsu a cikin wani kumburi kamar ƙoƙo. Takwara ta kawo mini ɗaya ta nuna shafin ƙarshe: mutum ya maƙale a bakin rijiya, igiya saura zare ɗaya.

Na ce, "To, ya faɗa ko bai faɗa ba?"

Ta ce, "Sai a na gaba, Kaka. Haka ake yi don a nemi na gaba."

Na ce, "Wannan ai rowa ce. Mai labari na kirki yana raka labarinsa har gida."

Talata bayan azahar ta zo ta kwanta a cinyata, ta ce in yi mata tatsuniya. Zuciyata ta yi fari, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Da rana tsaka? So kike mu ɓata a kasuwa?" Haka kakata ta tsorata ni, kuma ban taɓa karyawa ba ko sau ɗaya. Takwara ta ce to, ta miƙe ta tsallaka gidan Malama. Ina jin dariyarsu ta kan katanga. Wani mutum suke kallo a waya, shi kaɗai tsaye gaban taro da lasifika yana barkwanci, don ita ma an zaɓe ta ta yi irinsa ranar rufe makaranta. Kafin in shafa addu'ar isha'i kuwa barci ya kwashe ta.

Abin da na yi Laraba zan faɗe shi, ko da ba ya yi mini daɗi. Na ga jaridar a kan tabarma, saura gidaje kaɗan su gama. Na yage shafin, na ƙunshe daddawa a ciki, na aika wa Malama wai tsaraba. Na san abin da nake yi sarai. Da yamma sai ga ta, ta warware takardar, ta goge ta da dutsen guga, maiƙo ya huda ta amma ana ganin gidajen. Ta ce, "Hajiya, mun gode. Yau wasan namu har da ƙanshi." Takwara ta bushe da dariya. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a filin makaranta. Aka kira Takwara, ta fito da hijabinta fari, da lasifika a hannunta. Na fara yi mata addu'a a zuci. Can sai ta gyara tsayuwa, ta dafa ƙugu, ta fara ba da labarin jakin maƙwabcinmu da ya ƙi tsallaka rafi sai an yi masa sallama. "Ranka ya daɗe, ina gajiya? A taimaka a tsallaka, gero na jiƙewa!" Labarina ne. Muryata ce, har da tarin da nake yi kafin jaki ya amsa. Maza na riƙe ciki, mata na share hawaye da gefen mayafi.

Da ta gama, shugaban makaranta ya ce, "Ba mamaki, jikar Malama ce. Gado ba ya ɓuya." Mata suka yi ca a kan Malama suna mata barka. Na ga bakinta na motsi, tana nuno ni da hannu, amma tafi ya danne maganar. Ni kuwa na zauna da takalmina a hannu, ba wanda ya ce mini sannu.

Juma'a da hantsi Takwara na zaune ƙarƙashin darbejiya, ba ta faɗi zaɓinta ba tukuna. Malama na fiƙe fensir. Na dubi rana, ta dube ni. Na nemi gafarar kakata a zuci, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Yarinya ta zaro ido. "Kaka, rana fa!"

"Na gan ta. Za ki amsa ko in mayar da abata?"

"Ta zo mu ji ta!"

Na kawo labarin matar da ta ɓoye ruwan damina a cikin gora don gonarta kaɗai ta sha. Na ja shi a hankali. Fensir ya tsaya a hannun Malama. Da na kai inda goran ya fara tsagewa, matar na tsakiyar kasuwa da shi a ka, sai na kama baki, na jawo takalmina.

"Sai me ya faru, Kaka?"

Na ce, "Sauran yana Karare."

Malama ta cire tabarau ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Hajiya, kin leƙa akwatina." Na sa takalmina. Takwara dai ta shiga ɗaki haɗa kaya.

A tashar Batsari, ranar komawarmu, na riƙe hannun yarinyar nan gam, ina duban kowace kwana, don ban manta abin da kakata ta ce ba. Ba mu ɓata ba. Sai da muka isa gida na kwance jakarta na ga Malama ta cusa mata shafukan jarida guda shida da fensir biyu. Kullum da azahar sai ta baje su a gindin rumbuna tana ƙirga a yatsu, ni kuwa in ɗauko tsintsiya in fara sharar wurin.