Ƙuri'ar da Tsohuwar Ba Ta Jefa Ba

Ni ba ruwana da sha'anin zaɓe, kowa a sashenmu ya san haka. Tun da na zo Doha aikin nas, katin zaɓena yana ƙasan akwati a Kaduna, ko tuna shi ba na so. Sai Allah ya haɗa ni aiki da wata nas Ba'amurkiya daga Teksas, wadda iyayenta suka yi ƙaura daga Amurka ta Tsakiya. Latino suke kiran kansu. Yarinyar kirki ce, amma kai, zancen ƙuri'a ya fi ƙarfinta.

Lokacin ana shirin zaɓen tsakiyar wa'adi a ƙasarsu, wanda ake zaɓen 'yan majalisa ban da shugaban ƙasa. Ta ce shi ne mutanensu suke yi wa riƙon sakainar kashi. Tata ƙuri'ar tuni ta aika ta gidan waya. Kullum in muka tashi aikin safe muka shiga bas ɗin da ke mai da mu masaukinmu a Al Wukair, a can Teksas gari ya waye, sai ta zaro waya ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya da Sifaniyanci, har da maƙwabta da mai wankin kan uwarta.

Na ce mata, "Sista, wai ɗan takarar nan alkawarin aure ya yi miki ne?"

Ta yi dariya ta ce da ɗan Larabcin da ta tsinta a Doha, "Yalla, ki bar ni, saura mutum ɗaya."

Mutum ɗayan nan uwarta ce. Tsohuwar ta tsufa tana sharar ofisoshi kafin ta samu takardar zama 'yar ƙasa, kuma wannan ne karon farko da take da ikon yin zaɓe. Ta yi rajista, amma ta ƙi cewa za ta je. Tana budurwa a ƙasarsu ta ga sojoji sun kwashi maza daga layin zaɓe, har da maƙwabcinsu, ba a sake ganinsu ba. 'Yar ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Burinta ɗaya ne, uwarta ta shiga rumfar nan ko sau ɗaya, ta fito ta ga ba abin da ya same ta.

Ana saura kwana biyu, a cikin bas, ta miƙo mini wayar. Ta ce, "Mama tana ganin girmanki, ina yawan ba ta labarinki. Ki ce mata ta je, khalas, shi ke nan."

A fuskar wayar na ga wata 'yar tsohuwa a kicin, da tabarau, da gicciye a wuya irin na mahaifiyata. Na gaishe ta da Turanci, ta amsa da ɗan abin da ta iya. Sai ta tambaye ni, "Ke a garinku kina zuwa?"

Da na ce eh, da shi ke nan. Amma bakina ya riga ni. Na gaya mata yadda muke yi: ana gobe zaɓe mu sayi gari da kananzir, mu cika randuna, mu kulle ƙofa. Na gaya mata ƙanena ya fita bayan an faɗi sakamako don ya duba shagonsa, kwana uku muna neman sa, a ɗakin ajiye gawa na gane shi da takalminsa. Ban taɓa faɗa wa kowa a Doha ba. Sai na ji kaina ina cewa, "Mama, in zuciyarki ba ta kwanta ba, ki yi zamanki a gida."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali. 'Yar ta karɓi wayarta ta kashe, ta juya wajen taga.

Ranar zaɓe, in ji ƙanwar abokiyar aikin tawa, tsohuwar ta yi wanka ta sa rigar zuwa coci, ta zauna da jaka a cinya har rana ta yi tsaka, sannan ta cire takalmi. An yi zaɓe an gama lafiya lau. Ko tari ba wanda ya yi a unguwarsu.

Na ba 'yar haƙuri, ta ce ba komai, akwai na shugaban ƙasa nan da shekara biyu, ita da kanta za ta ɗauki hutu ta raka ta. Tsohuwar ba ta kai ba. Ciwon zuciya ya ɗauke ta ana saura wata huɗu.

Abin yana ci na har yau, wallahi. Tsoron Kaduna na ɗauka na ɗora wa baiwar Allah a Teksas, alhali nata ma ya ishe ta. Da 'yar ta zage ni da na samu sauƙi. Da ta dawo daga jana'iza, muna canza kaya a ɗakin nas-nas, ta dafa kafaɗata ta ce uwarta ba ta daina tambaya ta ba.

"Kullum sai ta ce in gaishe ki. Wai a duk waɗanda na sa suka yi mata magana, ke kaɗai ce kika gaya mata gaskiya."