Layin da Aka Ja a Kan Gonarmu

A gidanmu na Mugulbu, da zarar an sauke tukunyar tuwo, Kaka takan hana a kashe wutar. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta zuba gyaɗa a cikin toka, mu jikoki mu zagaye ta. Mu 'yan gari ne, yarenmu na Gudanci ya tsinke, don haka da Hausa take ba mu labari, irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji. Tatsuniyoyinta suna da daɗi, amma akwai labari ɗaya da in za ta fara shi ba ta murmushi.

"Wannan babu kura, babu zomo," in ji ta. "Wannan mutane ne ya yi shi."

Tana goye a bayan uwarta abin ya faru, a ƙauyensu na kan dutse, gabas da Mubi. Turawa biyu suka zo a kan dawakai, ɗaya na Ingilishi, ɗaya na Faransa, da sojoji da masu dakon akwatuna. Suka zauna a gindin tsamiya, suka shimfiɗa taswira a kan akwati, suka ci abinci, suka sha shayi, ɗaya ya ja layi da alƙalami. Ba su tambayi kowa komai ba. Washegari sojoji suka bi bakin mayo, wato rafin ƙauyen, suna tara duwatsu don alamar iyaka. Gidaje suka faɗa hannun Ingilishi. Gonaki da kaburbura suka faɗa hannun Faransa.

Da lokacin kaka ya yi, babanta ya ɗauki lauje ya ƙetare mayo don ya yanke dawar da ya shuka da hannunsa. Sojojin wancan gefen suka kama shi a tsakiyar gonar, suka ɗaure shi da igiya, suka tafi da shi aikin dole, fasa dutse a kan wata hanya da bai san inda za ta ba. Birai suka cinye dawar. Bai dawo ba sai da damina, yana tarin jini, kuma bai ga wata kakar ba. Da aka ɗauki gawarsa za a kai shi kusa da ubansa, aka tare su a bakin ruwa. A bayan ɗaki aka binne shi, kamar baƙo.

A nan Kaka takan ɗauki itace ta doki wutar har tartsatsi ya tashi.

"Kaka, me ya yi musu?" na taɓa tambayarta.

"Ya yi noma," ta ce. "Ci gyaɗarki."

Sai da na shiga kwalejin poli na ga irin taswirar da idona. Wani malaminmu ya kawo kwafin wata tsohuwa ta zamanin Turawa, yana yabon kyan aikin. Na matsa kusa. Ga Mubi, ga Yola, ga layin yana bin duwatsu. Na sa yatsa inda ƙauyenmu ya kamata ya kasance. Babu suna. A kan duwatsun gaba ɗaya an baje kalma ɗaya ta Turanci, wadda ke nufin arna. Mutanen da suka san sunan kowane dutse da kowace rijiya, abin da aka rubuta musu ke nan. Na fita daga ajin ban nemi izini ba.

Kaka ta riga mu gidan gaskiya kafin 'yan ta'adda su shigo Mubi, kuma na gode wa Allah da ba ta gani ba. Ni da 'ya'yana muka bi dutse da ƙafa, muka ƙetare mayon nan, muka faɗa wurin dangi a Kamaru. Wani tsoho, ɗan ƙanen baban Kaka, ya karɓe mu. Shi ke noma gonar har yau. Ban gama wanke wa yara ƙafafunsu da suka kumbura ba, sai ga jandarma, ɗan sandan Kamaru.

"Ranka ya daɗe, 'yar gida ce," in ji tsohon. "Kakan uwarta ne ya sare dajin nan."

"Takarda fa?"

Ba ni da ita. Aka kira mu 'yan gudun hijira a kan ƙasar da ƙasusuwanmu suke ciki. Daga baya aka loda mu a mota kamar shanun kasuwa, aka juye mu a wannan gefen.

Da ina ƙarama na ɗauka Kaka tana ba mu labarin ne don mu ji tausayin babanta. Yanzu na gane ba tausayi take nema ba. So take fushin ya samu wanda zai riƙe shi bayan ta, kuma ya samu.

Bayan mun koma gida, 'yata Rifkatu ta dawo daga makaranta da aikin gida, a zana taswirar Najeriya. Ta yi arewa, ta yi kudu, gabas ta gagare ta.

"Mama, ki riƙe min hannu, layin yana ta karkacewa."

Na riƙe hannunta muka ja shi, daidai yadda yake a littafi. Malamarta ta ba ta cikakken maki, ta dawo tana tsalle. Na ce ta yi ƙoƙari, na shiga kicin na rufe ƙofa.