Ranar da Baba Ya Zauna

Babana Milutin shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas tsakanin garinmu da Kragujevac, wato dai zama ne sana'arsa. A zaune ya yi tumbi, a zaune ya yi furfura. Rana ɗaya ce tak a shekara ba ya kusantar kujera: ranar slava, bikin waliyyin gidanmu Nikola, a tsakiyar sanyin Disamba. Da zarar an kunna kyandir da safe, maigida ba ya zama sai baƙon ƙarshe ya fita. Kowa ya san haka, amma Baba ya riƙe abin kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Zai tsaya a bakin ƙofa da farar riga, ƙirji a gaba, yana karɓar rigunan sanyi, yana miƙa wa kowa cokalin dafaffiyar alkama. In wani ya ce, "Milutin, ɗan zauna mana ka huta," sai ya ce, "Kakana da harsashi a cinya ya tsaya. Ni mene ne uzurina?" Harsashin nan kowace shekara sai ya sauya wuri, bana cinya, baɗi kafaɗa.

A gida kuwa kowa da matsayinsa. Mama magana take yi ƙasa-ƙasa kamar aron muryar ta yi. Yayana Strahinja shi ne ɗan gaban goshi, shi zai gaji slava, ko da yake ya tafi aiki Munich. Goggo Zorka, yayar Baba, sana'arta kushe: wake ya yi gishiri, kifi ya bushe, labule ya koɗe. Ni kuma Smilja, mai wanke kofuna. Ina da shekara goma sha shida, amma Baba bai daina tambayata aji nawa nake ba.

A watan Satumbar wannan shekarar ya faɗi a tasha yana shirin hawa mota. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka dawo mana da shi a keken guragu, gidan kuma ya juye.

Ashe muryar Mama tana nan, ajiye ta ta yi. Daga tsakar gida ana jin ta: "Buɗe baki, Milutin! Saura cokali uku, kuma ba inda za ni!" Goggo Zorka ta daina kushe. Kullum da safe sai ga ta da reza ta yi wa ƙanenta aski, duk abin da aka zuba mata ta ci ta ce ya yi daɗi. Wallahi wannan ya fi ciwon kansa ba mu tsoro. Strahinja da yake kira duk Lahadi ya koma bayan sati biyu, daga nan sai saƙo. Yanzu na gane tsoron ganin Baba haka ne ya kama shi, amma a lokacin haushinsa kawai nake ji.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na tsani warin man shafawa, kuma in na tura kekensa muka haɗu da 'yan ajinmu sai in ji kamar in nutse. Amma Mama ba ta da ƙarfin baya, don haka ni na koyi ɗaga shi, daga gado zuwa keke, daga keke zuwa gado.

Da Disamba ta kama, Baba ya ce, "Bana ba slava. Ba zan karɓi mutane a zaune ba."

Mama ta ce, "To sai ka bi gida-gida ka hana su. Ni dai na riga na sayi alkama."

Gaskiyarta. Sau ɗaya ake gayyatar mutum slava a rayuwa, daga nan shi ke kawo kansa duk shekara. Baba ya ce, "Strahinja zai zo. Shi zai tsaya." Saura kwana biyu Strahinja ya kira ya ce ba a ba shi hutu ba. Baba ya juya fuska bango, ranar ko miya bai sha ba.

Da safen bikin ya sa muka saka masa farar rigar. Mama ta kunna kyandir. Ya ce, "Ɗaga ni." Na ɗaga shi, ya damƙi ƙyauren ƙofa da hannun dama. Bai fi minti ɗaya ba gwiwarsa ta fara rawa, ya sulale ya koma cikin keken. Ga takun baƙi a kan matakala. Ban taɓa ganin kunya a fuskar Baba ba sai ranar, kuma ta karya mini zuciya.

Na farkon shigowa Kawu Radoje ne, mijin Goggo, wanda kowace shekara yake kame kujerar kusa da murhu har yamma. Ya dubi Baba, ya dubi kujerar, ya ƙi zama. Na bayansa suka gani, su ma suka ƙi. Kafin ka ce me, mutum ashirin sun cika ɗan falonmu a tsaye, kowa da faranti a hannu, ana fama da ƙayar kifi da yatsu biyu.

Baba ya ɗaga murya. "Wane irin shashanci ne wannan? Gidana ne ko tasha? Ku zauna!"

Kawu Radoje ya ce, "Direba, kai ka lalata mu. Ba mu iya zama ba sai da mai tsaya mana. Ka taimaka, ƙafafuna ba su saba ba."

Aka yi dariya, ban da Baba. Ya bi ɗakin da kallo har idonsa ya sauka kaina, ina riƙe da tiren kofuna.

"Smilja, ajiye wannan. Je ki bakin ƙofa."

Goggo Zorka ta ce, "Milutin, mace fa?"

"Yaya, wata uku ita ce ƙafafuna. Yau ma ita ce."

Kawu Radoje ya faɗa kujerarsa har sai da ta yi ƙara. Ni kuma na tsaya, Baba yana gefe yana gyara mini: "Miƙe bayanki. Karɓi rigar da hannu biyu. Ki yi murmushi mana, ba jana'iza ba ce."

Wajen azahar fada, limamin cocinmu, ya iso a gajiye, ya zagaya gidaje da yawa. Ya ɗauki burodin biki zai sa masa albarka, ya duba ya ce, "Ina maigida?"

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ni.

"Ga ta nan. Ka yi sauri, Fada, tana da baƙi."