Gidajen da Baba Yake Tsayawa

Shekarun baya, mahaifina ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, ƙafa ta dawo amma baki bai dawo ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a firamare, sai ga shi ko ruwa da hannu yake nunawa. Abin da ke cin ranmu shi ne ba mu san ko yana gane duniya ba.

Likita a Gaya ya ce a riƙa zagayawa da shi. Kullum bayan la'asar sai in riƙe shi mu bi lungunan garinmu Gafasa, rana ta yi laushi, ƙamshin ganyen gyaɗa na tasowa daga gonaki. A lokacin masu rigakafi sun bi gida-gida sun rubuta lambobi a jere da alli.

Muna cikin tafiya sai ya toge a wata ƙofa. Ni da wayona na ɗauka gaisuwa yake so, na rangaɗa sallama. Maigida ya fito da tabarma da ruwa, Baba ko kallonsa bai yi ba. Muka wuce gida takwas, a na tara ya sake togewa. Haka na yi ta fito da bayin Allah daga gidajensu, ina ba su haƙuri.

Ran nan a ƙofar da aka rubuta 126, ya ɗaga sandarsa ya taɓa ɗaya, ya taɓa biyu, ya taɓa shida. Da ƙyar ya ce, "Tara."

Na koma baya da gudu: 117, tara. Na yi gaba: 135, tara. Ashe lambobin da tara ke rabawa ba saura yake zaɓa, ta hanyar haɗa alƙalumansu, kuma a kowane gida tara a jere dole a sami ɗaya. Ni da ake kora daga ajinsa saboda barci, na tsaya ina hawaye a ƙofar mutane.

Da na gaya wa mahaifiyata, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ashe yana cikin hayyacinsa."

Ban sani ba ko darasi zan kira wannan. Na dai san daga ranar muka daina maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Ya ƙara shekara biyu tare da mu, da shi muke hira, ko da bai amsa ba.