Hotunan da Suka Riga Baffa Attahiru Isa Fakku

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Safar 1447, daidai da 6 ga Agusta 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Haliru Ɗangiwa, dillalin shanu a karar Tambuwal, yana da shekara talatin da huɗu. Yana dawowa daga Jabo ne bayan ruwan safe, babur ya zame masa a taɓo, ya faɗi da ka. An kai shi asibiti, bai sake magana ba. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Mas'uda da 'ya'ya mata biyu, ya kuma bar mahaifiyarsa, Inno, a Fakku.

Ni ne Shaihu, malamin dabbobi a Dogon Daji. Na girme shi da shekara ashirin, amma a abin da zan ba da labarinsa shi ne malamina. Yau kwana goma sha biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin wannan ta'aziyya akwai laifina a cikinta, kuma ba zan iya yabonsa in ɓoye laifin ba.

Haliru, a kara muka saba. Ni ina duba bakin shanu da kofato, kai kana tsakanin mai saye da mai sayarwa, murya kamar ta mai shela. Shekara uku da suka wuce ka buɗe shafi a Tiktok. Na yi maka tsiya sosai, na ce gandamemen mutum kamarka ya koma wasan 'yan rawa. Ka yi dariya ka miƙo mini wayar. Babu rawa a ciki. Hotunan shanu ne da tumaki da suka ɓace, da waɗanda aka tsinta ba a san masu su ba, kowanne da inda aka gan shi da ranar. Cigiya ce irin ta da, wadda ake yi a kasuwa da baki, ka ɗauke ta ka sa a waya, ta kai rugagen Kebbe kafin mai shela ya gama gyara murya.

Ka fi son hoto a kan bidiyo, kuma kana da dalili. A daji sabis ba shi da ƙarfi, bidiyo sai ya yi ta juyawa bai buɗe ba. Hoto kuwa yana tsayawa wuri ɗaya, makiyayi ya ja shi da yatsu biyu ya ƙara girma, ya dubi kunne, ya dubi ƙaho, ya ce tawa ce ko ba tawa ba ce.

Da aiki ya yi maka yawa ka ce in riƙa ɗora na ɓangaren Dogon Daji. Na ce ni da waya sai kira da amsawa. Ka zaunar da ni a inuwar darbejiya bayan kara, ka ce, “Malam, kai da ka sa hannu bakin bijimi kaka tsoron wagga ’yar aba? Danna, ba ta cizo.” Ka nuna mini alamar tarawa da ke ƙasa, ka nuna mini inda ake zaɓen hoto maimakon bidiyo, da yadda ake taɓa hotunan ɗaya bayan ɗaya a kan jerin da ake so su fito, sannan a rubuta bayani, a sa sauti in ana so. Sau huɗu ina ɗora hoton ƙafata da takalmin roba. Ba ka gaji ba, amma ba ka bar ni na huta da zolaya ba har wata guda.

Jerin ma yana da ƙa'ida a wurinka. Na farko dabba gaba ɗayanta daga gefe. Na biyu fuska da ƙaho. Na uku kunne, in akwai tsaga. Sannan akwai shaida guda da ba ka taɓa ɗorawa, ko da ka ɗauki hotonta. Wannan ta mai dabba ce, shi zai faɗe ta da bakinsa.

Na ga amfanin haka a kan karsanar Atu. Atu tsohuwa ce a wata ruga kudu da Kebbe, karsanar nan, irin gudale mai gajeren ƙaho, ita kaɗai ta rage mata daga abin da mijinta ya bari. Ta ɓace da kaka, aka tsince ta a gonar dawa a Jabo. Da ka ɗora hotunan, maza biyu suka zo, kowa yana rantsuwa tasa ce, kowa ya faɗi launi da ƙaho da tsagar kunne daidai, tunda duk suna cikin waya. Ka ce saura ɗaya. Suka yi ta kame-kame. Kwana biyu bayan haka Atu ta iso a bayan babur, ko kallon wayar ba ta yi ba, ta ce a duba ƙarƙashin wutsiya akwai tabon ƙaya tun tana maraƙa. Aka ɗaga, ga tabo. Karsanar ma da ta ji muryarta sai da ta kusa tsinke igiya. Atu ta kawo maka man shanu a ’yar kwalba, ka raba mana a kara, kowa ya sami na shafa a tuwo.

Ƙa'idarka ta biyu ita ce ta dame ni yau. Wata rana aka turo mana hoton saniyar da muke cigiya, an same ta a kwazazzabo ta mutu. Na jera hotunan zan saki, ka riƙe mini hannu. Ka ce, “A'a Malam. In an samu, mu sa, kowa shi gani. In ta mutu, ba a bari mai ita shi gani cikin waya. Aje shi, sai na dawo.” Ka nuna mini inda ake ajiye abin da aka shirya ba a saki ba. Ka hau babur cikin rana, tafiyar awa biyu, don kawai ka zauna a gaban mutum ka gaya masa saniyarsa ta mutu. Sai da ka dawo muka saki. A lokacin na ce a raina wannan wahalar banza ce.

Ranar da muka binne ka, a bakin maƙabarta aka yi shawara, kuma ina tsaye a wurin. Baffanka Attahiru ya ce kada kowa ya buga waya Fakku. Inno tana da hawan jini, kuma kai ne ɗanta na fari. Ya ce shi da wani dattijo za su hau babur su je su zauna a gabanta, a tara mata mata a kusa, sannan a faɗa. Kowa ya ce haka ne daidai. Ni ma na ce haka ne daidai. Suka tashi da ƙarfe biyu.

Na koma gida, waya ba ta daina ƙara ba. A ƙarƙashin hoton ragon da ka ɗora jiya mutane suna tambaya, wai gaskiya ne? Wani ya ce ɓarayin shanu ne suka tare ka. Wani ya ce kana asibiti da rai. Na ce wa kaina dole a gyara zance. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ina so ya zama ni ne na sanar. Ina so a ga cewa na iya abin da ka koya mini, kuma na fi kowa kusa da kai. Na zaɓi hotunanka shida, na jera su da kyau, na fara da wanda kake riƙe da kunnen maraƙi kana dariya. Na rubuta sanarwa a ƙasa, na sa karatu mai sanyi. Na dubi agogo, ƙarfe biyar saura. Na lissafa hanyar Fakku, na ce ai sun isa tun ɗazu. Wurin ajiyar da ka nuna mini yana nan kusa da yatsana. Na saki.

Da awannin rani na lissafa hanyar, Haliru. Ni da na shekara talatin ina bin rugage, na san abin da ruwan Agusta yake yi wa rafukan kudu. Ruwan da ya kayar da kai da safe shi ne ya cika rafi a gabansu. Baffa da abokin tafiyarsa suna zaune a bakin gaɓa fiye da awa biyu suna jiran ya janye, ba sabis, ba hanya.

Abin da ya faru a Fakku, Fatsuma ce ta faɗa, matar maƙwabcin Inno, kuma tana faɗa tana kuka. Ka san Inno ba ta taɓa kiran sunanka ba, saboda kunyar ɗan fari. In ka je gida ba ta ɗaga ido ta dube ka sosai, sai dai ta tura maka fura ta kau da kai. Abin da ba ka sani ba shi ne, duk la'asar takan je gidan Fatsuma da sunan aron turmi ko rariya, ta ce, “Wancan mai shanun, ya sa wani abu yau?” Sai a buɗe mata shafinka. A waya kaɗai take iya kallonka yadda take so, ba mai cewa ta yi rashin kunya.

Ranar ma ta je. Fatsuma tana tankaɗe, hannunta duk gari, ta buɗe shafin ta miƙa mata ba ta duba ba, sautin kuma a kashe yake. Inno ba ta karatu. Ta ga hotunanka shida a jere, yau ba saniya ba rago, kai kaɗai. Ta yi dariya. Ta ce ku dubi wanga, yau kansa yaka cigiya. Ta kira matan gidan su zo su gani. Sau uku tana jan hotunan da yatsa daga farko, har ta ce ka yi ƙiba. Sai da Fatsuma ta karkaɗe hannu ta karɓi wayar ta karanta abin da na rubuta.

Baffa Attahiru ya ce tun daga bakin gari suka ji kuka. Duk maganar da ya shirya a hanya, da addu'ar da zai fara da ita, bai faɗi ko ɗaya ba. Ya tarar da ita a ƙasa ana yayyafa mata ruwa. Da ya dawo bai zage ni ba. Ya dube ni kawai ya ce, “Malam Shaihu, ai kana wurin.” Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na goge sanarwar, amma an riga an kwafe ta, tana yawo har yau. An kawo Inno Tambuwal washegari. Kwana shida ina zuwa zaman makoki a ƙofar gidanka, ina zama can ƙarshen tabarma, ban iya shiga gaishe ta ba. Ranar bakwai Mas'uda ta aiko a ce mini Inno tana kira. Na yi sallama, na durƙusa a bakin ƙofar ɗaki. Ta rame, carbi a hannunta.

Ta ce, “Malam, kai na kas sa shi cikin waya?”

Na ce, “Ni na, Inna. Ki gafarce ni.”

Sannan ta ce, “Mutuwa ta Allah ta, ba kai kak kawo ta ba. Amma ɗiyana shina cikin ƙasa, ni ina dariya, ina kiran mutane su zo su taya ni. Wanga shi na ban iya aje ma ba tukuna.”

Na yunƙura zan tashi, ta ce in tsaya. Ta kau da kai kamar yadda take yi maka, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, “Wanda shika riƙe da kunnen maraƙi. Ana iya hidda shi bisa takarda?”

Na ce ana iya.

Ta ce, “To kada ka aiko shi ta hannun wani.”

Haliru, abin da nake da shi ke nan. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ba ni da bakin cewa ta yi sauri. Kalmar “tukuna” nake riƙe da ita. Shafinka yana nan, makiyaya suna ta turo hotuna, akwai tumaki uku da aka tsinta wajen Jabo suna jiran masu su. Baffa ya ce in ci gaba, tunda aikin alheri ne kuma ladarsa za ta riƙa isa gare ka. Zan ci gaba in Allah Ya so, amma tun ranar Laraban nan ban sake danna alamar tarawa ba.

Ya Allah Ka ji ƙan bawanKa Haliru. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa masa haske a ciki. Tafiyar da ya yi cikin rana don kada wani ya ji baƙin labari shi kaɗai, Ka sa ta a mizaninsa. Ka sa Aljannar Firdausi ta zama masaukinsa. Ka raya 'ya'yansa cikin imani, Ka zama gatansu. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da kyau, Ka yafe mana abin da hannuwanmu suka yi gaggawar aikatawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mas'uda da 'ya'yanta, ga Baffa Attahiru da dukan dangi na Fakku da Tambuwal, ga dillalai da mahauta na kara, da makiyayan da ya mayar wa dabbobinsu. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Wannan rubutu sai da na karanta wa Baffa shi, ya yarda, sannan na fitar, kuma ban haɗa shi da hoto ba.

Ta'aziyyar Inno ba ta cikin wannan takarda, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta kada ya karanta mata. Ta koma Fakku shekaranjiya. An wanke hoton, yana cikin aljihuna a nannaɗe da leda saboda ruwa. Gobe bayan asuba zan kama hanya. In rafi ya cika, zan zauna in jira.